Littattafan Baffa Iliya da Aka Raba da Almakashi

Shekara biyar ke nan da rasuwar Baffa Iliya, ƙanin mahaifina, kuma har yau ban huce ba. Ba da mutuwa nake fushi ba, ita kam ta Allah ce. Da masu rai nake.

Baffa aikinsa tura gadon marasa lafiya a wani asibiti a Birmingham. Yana zaune a gidan hayar kansil, wato ƙaramar hukuma, a Sparkhill, ɗaki biyu: ɗaya nasa, ɗaya na littattafai. Idan na ce littattafai, ba na labarin soyayya ba. Manya ne na malaman jami'a, waɗanda idan ɗaya ya faɗo maka a ƙafa sai an ɗaure ka. Wasu kan masu ra'ayin riƙau, wasu kan 'yan gurguzu, wasu kan yadda talakawa ke fitowa titi idan tura ta kai bango. A gwanjo yake tsinto su, idan ɗalibai sun gama shekara sun zubar.

Abin da ya bambanta shi da kowa shi ne bai taɓa ajiye littafi shi kaɗai ba. Kowane sai ya nemo masa abokin faɗa ya ɗaure su da roba ɗaya. Wanda ya ce zanga-zanga hauka ce, yana manne da wanda ya ce ita ce kaɗai muryar marar gata. Sai ya bi gefen shafi da fensir yana rubutu da Hausa: "Ƙarya kake, malam, duba amsarka a shafi na tamanin na ɗan'uwanka." Ka buɗe ɗan'uwan kuma ka tarar shi ma ya sha nasa rabon.

Lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka aiko masa da takarda cewa za a rage masa tallafin haya, tunda yana da ɗakin da babu kowa a ciki. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ina cin biskit ɗinsa, ya ɗaga takardar ya ce, "Ummi, wai babu kowa! Mutum ɗari biyu ne a ɗakin nan suna shaƙe da wuyan juna." Ya rage kunna hita, ya ƙara rigar sanyi, bai fitar da ko ɗaya ba.

Abin da gwamnati ta kasa, mu muka yi shi cikin wuni guda. Bayan ya rasu kansil ta ba mu 'yan makonni mu kwashe kaya. Abbana, likita a Manchester, mai ganin duk wanda ya riƙe kwali a titi malalaci ne, ya zaɓi na masu ra'ayin riƙau. Yaya Fa'iza, 'yar Goggona da ke jami'a a Selly Oak, wadda ko shayi ya huce sai ta ce laifin 'yan jari-hujja ne, ta kwashi sauran. Da almakashi suka bi robobin, ƙat, ƙat, ƙat. Ni da aka ba ni riƙon leda ban san abin da nake kallo ba.

Tun daga nan duk shekara idan an taru yi masa addu'a, kafin a sauke tukunya an fara musu. Abba ya ce marigayi mutum ne mai son tsari, shaidarsa tana kan kantar falonmu. Yaya ta ce ɗan gwagwarmaya ne, shaidarta tana ƙarƙashin gadonta. Kowa ya yanki rabin mutum yana rantsuwa da shi. Da Baffa zai leƙo ya ga ɗakunan karatun unguwa da aka rufe, da layin masu karɓar abincin taimako, na san ransa zai ɓaci. Amma na rantse da ya ga kantar Abba, littattafai a jere kowa na gyaɗa wa kowa kai, sai ya fi jin haushi.

Bana na ɗauki darasin siyasa a makaranta, na ciro ɗaya daga kantar. A shafi na uku fensirin Baffa ya aike ni wani littafi da ke wajen Yaya a Birmingham. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na kira Yaya.

"Kai, Ummi, ai na tashi daga gidan nan. Sabon ɗakina ko sallaya da kyar take shimfiɗuwa. Littattafan na kai su shagon gwanjon 'yan agaji a Bristol Road."

"Yaya, juyin juya halin gaba ɗaya kika bayar?"

"Ke dai ba ki da kunya."

Ranar Asabar na hau bas da akwatin Umma na zuwa Kano, wanda ni kaina zan iya kwana a ciki. Ihu bayan hari. Tara na samu, sauran sun bi duniya. Na jawo su har Manchester, wani dattijo a Oxford Road yana tambayata ko bulo na saya.

Tara sun koma wa abokan faɗansu. Sauran na kan kantar kuwa kowane yana nuna ƙofar da aka toshe: duba amsa, duba amsa, amsar kuma tana gidan wani baƙo da ba ya jin Hausa. Wannan ban yafe ba, kuma Abba da Yaya su karanta a jarida tunda a gida ba a bari in gama magana.

Me ya rage na Baffa? Ba ra'ayinsa ba, don har yau ba wanda ya san wa yake jefa wa ƙuri'a. Abin da ya bari shi ne ƙin barin mutum ya yi magana shi kaɗai, komai girman digirinsa. Don haka inda amsa ta ɓata, na fara rubuta tawa a ƙasan tasa.

Jiya na buɗe wanda nake kai, na tarar da sabon rubutu a ƙarƙashin nawa, da biro, irin rubutun likitoci da sai mai kemis ke iya karantawa. Na yi minti goma kafin na gane shi: "Ba haka ba ne. Ki same ni bayan la'asar."

Na je da littafi biyu.