Rarar Wayar Sikandar

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Laraba, tara ga Yuli, bayan azahar, Sikandar Buksh ya cika a asibitin Lautoka, garinmu na bakin teku, ana tsakiyar niƙan rake. Mutumin da ya gyara rediyo da hedifon na rabin unguwarmu, waɗanda suka sallace shi ba su cika sahu biyu ba. Sauran suna ƙasashen waje, Auckland da Sydney, sun turo ta'aziyya ta waya. Haka garin nan ya koma.

Sikandar, Masta Yunus ne, maƙwabcinka. Na yi karatu har ƙetaren teku, na koyar da yaran da duk suka gudu suka bar mu, yau ga ni ba ni da wanda zan kai wa kuka sai mamaci.

Da ka bar aikin injin sukari, ka kafa tebur a gindin mangwaro, ka ce gyaran hedifon sha'awa ce, ba sana'a ba. Iskar teku tana cin dalma a garin nan, don haka teburin bai taɓa zama wofi ba. Kowa ya zauna sai ya ji huɗubarka: wayar hedifon ba a kankare ta da wuƙa. Siririya ce kamar gashi, da fenti a jikinta. A narka ɗigon dalma a bakin ƙarfen liƙi mai zafi, a tsoma kan wayar har fentin ya ƙone, sannan a liƙa. Kuma ba ka taɓa rufe ƙoƙon kunnen hedifon ba sai ka naɗe rarar waya ka cusa a ciki.

Na sha ce maka, "Kai dai almubazzari ne. Wa ka ɓoye wa wannan?"

Sai ka tura mini ƙoƙon kava, jiƙon saiwar nan da muke sha, ka ce, "Sha, Masta, ka rage surutu. Wanda zai buɗe bayana wataƙila hannunsa irin naka ne. A bar masa abin da zai ɓata."

Ka san halin da Zaibun, matata, take ciki tun da mantuwa ta kama ta. Ni ba ta sanina. Abin da ta sani shi ne tsohon hedifon ɗinta mai rufe kunne, da kaset ɗin da mahaifinta yake karatun Alƙur'ani a ciki. Sai muryar tana kunnenta take buɗe baki ta ci abinci. Na saya mata sabo, ta jefa shi cikin bokiti. Na kunna mata a lasifika, ta yi ta ihu wai baƙo ya shigo gida. Duk sanda wayar ta tsinke, kai ne kake tsallako katanga da ƙarfenka, kana cewa, "Ƙanwata, ara mini Baba na ɗan lokaci." Kai kaɗai take miƙa wa.

Ba mu yi mako da rufe ka ba wayar ta sake tsinkewa, daidai inda take shiga ƙoƙon. Zaibun ta rufe baki. Gurasar roti, miyar wake, shayi, duk ta kawar da kai. 'Yarmu Rehana ta kira daga Auckland ta ce, "Abba, in ba ta ci ba zan zo in ɗauke ta. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ni." Takardar zama ta uwarta kaɗai ta samu. In Zaibun ta hau jirgin nan, ni da ita sai a lahira.

Na je wajen matarka Hamidan, tana cikin takaba, na aro ƙarfenka. Hanyar na san ta sarai, hannun ne ba ya tsayawa. In na nufi ɗigon dalma sai in ƙona robar, in yanke, in sake. Haka na yi ta yi har guntun da ke leƙowa daga ƙoƙon ya ƙare. Na zauna ina zagin kamfanonin da ke ƙera abu don ya mutu, ina zagin ƙasar da ba ta bar mana ko mai gyara ba, har kai ma na zage ka. Allah ya yafe mini.

Sai na kwance ƙoƙon. Rarar wayar tana nan a naɗe, ka ɗaure ta da zare baƙi.

Na ɓata yawancinta, kamar yadda ka faɗa. A ƙarshenta ta kama. Liƙin mummuna ne, da ka gani da ka yi dariya har ka ƙware. Zaibun ta ci rabin roti, na riƙe wayar salula Rehana ta gani da idonta. Ta ce za ta jira.

Amma na cinye rarar duka, Sikandar. Na rufe ƙoƙon babu komai a ciki, kuma wanda zai buɗe shi nan gaba ni ne, da wannan hannun. Ga iskar teku ba ta fasa ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Sikandar, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ya tarar da rarar rahama a wurinKa yadda ya bar wa mutane. Matarsa Hamidan, da ɗansa Feroz, da jikoki na kusa da na nesa, Allah ya ba ku haƙuri. Ƙarfen yana wurina, ku yi haƙuri, ba zan iya mayarwa yanzu ba.