Rakiya Huɗu a Mayo Ɗaya

Ku masu aikin tafinta na yanzu kun tarar da iyaka a shirye, da shinge da hatimi da mai duba fasfo. A lokacinmu tana kan takardar Turawa ne kawai. A ƙasa kuwa mayo ne, wato rafi, wanda akuya ke tsallakewa cikinta bai jiƙe ba. Ranar da na ga mayon nan ya zama iyaka ta gaske ba ta taɓa fita raina ba.

Shekarar da ta biyo bayan ƙuri'ar 1961 ce, wadda ta sa Mubi cikin Najeriya. Ina ƙaramin tafinta a ofishin Di'o, wato jami'in mulki na yanki. Yawo ne ya samo mini aikin. Na yi dako a Fort Lami, na yi karen mota a Kumasi, na zauna Sudan a hanyar Makka, na dawo da Faransanci da Turanci da Larabci a kan Fulatancin da na tashi da shi.

Manoman Muchalla da ke bakin iyakar, da yawa gonakinsu suna hayin mayo. A shekarar nan jandarmomin Kamaru suka fara tambayarsu takarda, ga dawa ta kusa nuna. Sai wasu mutanen gari, ba wanda ya sa su, suka kafa kwamitin zumunci suka gayyato takwarorinsu na hayi. Shugabanmu Malam Buba ne, tsohon dillalin shanu. Nasu kuma Mushe Hammadu, wato Malam Hammadu a bakin Faransawa, wanda kwamandan jandarma ke jin maganarsa. Uwayen mutanen nan biyu ya da ƙanwa ne.

Di'o ya ba su aron ni da tuta ɗaya. Ya ce wa Malam Buba, "Ba gwamnati ta aike ku ba. Amma duk abin da kuka yi, za a ce Najeriya ce ta yi." Da ya san abin da wannan magana za ta yi wa dattijon nan, da ya haɗiye ta.

Kwana uku baƙi suka yi. A zauren taro Malam Buba ya yi jawabi da Hausa, in mayar Faransanci, Hammadu ya amsa, in dawo da ita, don an ce haka ƙasashe suke yi. Da an tashi sai su koma Fulatanci suna tsokanar juna a kan wata saniya da ta ɓace tun suna samari. A rana ta uku Hammadu ya yi alkawarin zai sa baki a bar manoma su yi girbi ba takarda.

Saura rakiya. Na ga rakiya iri-iri. Bafaranshe ya ba ka hannu ya rufe ƙofarsa. A Kumasi a kai ka tasha. A Sudan a bi ka har bakin titi ana rantsuwa sai ka kwana. A wajenmu kuwa mai masauki ba ya juyawa sai baƙo ya taka ƙasar gidansu, kuma ba ya ba baƙo baya.

Muka isa mayo da hantsi, mu goma sha biyu da tuta, su takwas da tasu. Muka naɗe wanduna muka tsallakar da su. Jandarma ya ƙame. Malam Buba ya yi jawabin ban kwana, na fassara. Muna shirin juyawa Hammadu ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan inna. Ƙasar wa kake takawa?"

"Taku."

"To kai ne baƙo. Kamaru ba ta barin baƙo ya koma shi kaɗai."

Suka rako mu muka dawo. Ɗan sandanmu ya ƙame. Hammadu ya yi jawabi, na fassara. Malam Buba ya dubi ƙafafun Hammadu a kan yashinmu ya ce, "Malam tafinta, gaya masa da Faransanci Najeriya ba marainiya ba ce." Muka sake tsallakawa.

A tsallakawa ta uku na raɗa wa Malam Buba cewa mu haƙura. Ya ce, "Ka ji abin da Di'o ya faɗa. Kana so a ce Najeriya ta juya wa baƙo ƙeya?" Na je wajen Hammadu, ya ce Kamaru ta riga Najeriya samun 'yancin kai da wata tara, babba ce, ba za a koya mata ladabi ba. Da na kawo wannan, Malam Buba ya ce shi kuma ya girme Hammadu da damina biyu, ya goya shi. Muryoyi suka fara tashi. Na ji Hammadu ya ce da mutanensa, "In raini ne, sai kowa ya ci dawar ƙasarsu." Wannan ban fassara ba, amma kowa ya ji, don da Fulatanci ya faɗa. Ga hadari ya haɗo daga kan duwatsu, ruwan da ke idon sawu ya kai gwiwa.

A cikinmu akwai Mama Rahila, manomiya daga Muchalla, wadda gonarta ke hayi. Tun safe take ɗauke da kwandon gyaɗar tsarabar baƙi a ka, domin ba a miƙa tsaraba sai a rabuwar ƙarshe. A tsallakawa ta huɗu, da muka kai wani faffaɗan dutse a tsakiyar ruwa, ta dire kwandon ta zauna a kan dutsen.

"Malam tafinta, dutsen nan na wa ne?"

Na tambayi ɗan sanda, bai sani ba. Na ƙwala wa jandarma, ya ɗaga kafaɗa.

"To ba mai gida a nan, ba baƙo," in ji ta. "Baba Buba, Baba Hammadu, ku hau nan ku gama. Dawata tana can tsuntsu yana ci, ku kuna wanke ƙafa."

Suka hau, suka riƙe hannu. Sai maganar ba da baya ta taso. Mama Rahila ta ce kowa ya tafi da baya da baya. Haka aka yi. Mutum ashirin, da tutoci biyu, muka ja da baya cikin ruwa muna ɗaga wa juna hannu. Malam Buba ya taka santsi ya zauna daɓas a ruwa, amma fuskarsa na kallon Kamaru, hannunsa a sama. Hammadu ya yi dariya har hularsa ta bi mayo, ya ɗaga murya ya ce, "Ku zo ku yanke dawarku, ɗan inna!"

Washegari Di'o ya tambaye ni yadda aka rabu. Na ce an tsallaka iyaka sau huɗu, ba wanda ya juya baya. Ya ce in rubuta "an rabu cikin mutunci".

An yi girbi a shekarar, Mama Rahila ta aiko mini da dami guda. Abin da na koya shi ne, mutanenmu sun iya zumunci tun kafin a ba su tuta, kuma aikin tafinta wani lokaci shi ne ya nemo musu inda za su tsaya ba ƙasar kowa ba. Daga ranar nan duk rakiyar kwamitin a kan dutsen nan take ƙarewa. Amma Malam Buba da Hammadu ba su ƙara ziyartar juna ba tare da takarda a aljihu ba.