Zaren Surfani don Sandar Fatsa

Ga wani dattijo tsaye a rumfar Mama Rifkatu a kasuwar Kakuri, dogo, wuya kamar na zalɓe, cikin koɗaɗɗiyar rigar ma'aikatan masaƙa. Zaren surfani yake nema, wai zai ɗaure zobba a sandar fatsarsa. Yana lasar zaren yana gogawa a hannun riga, ya ga ko zai zuba. Ko ba a faɗa ba, a sashen rini ya tsufa.

"Oga, kifin amarya ce da za ka yi mata kwalliya?" in ji Mama Rifkatu.

"Ba ni ja," kawai ya ce.

Soja sun bar mulki sun koma bariki, amma masaƙar da ya yi wa aiki ba ta sake buɗewa ba. Rinin da ya yi shekaru yana malalawa kogi ya kori kifin tuntuni, shi kuma ya fi kowa sani. Amma wuni a bakin ruwa ya fi masa sauƙi a kan haɗa ido da matarsa.