Wasiƙata a Gwangwanin Alhaji

A ƙasan fom ɗin neman shiga makarantar koyon aikin jinya akwai wani ɗan layi inda ake rubuta adireshin da za a aiko da amsa. Layin nan ya fi jarrabawar kanta ba ni wahala. Ƙauyenmu yana can bayan Dayi, kuma a shekarun saba'in ba mu da gidan waya, gidanmu kuma ba shi da akwatin wasiƙa. Wasiƙa sai ta raɓu da wani take isowa. In takardar kiran ganawa ta makara kuwa, shi ke nan, shekara ta tafi. Ni na riga na rasa guda, kuma ƙannen Baba sun fara cewa boko ya isa haka.

Akwatin firamaren ƙauyenmu ba ya cikin lissafi, don da an yi hutun damina hedimasta yake tafiya garinsu da makullin a aljihu. Saura biyu: na cocinmu da ke Malumfashi, da na wani Alhaji mai sayen hatsi a Funtua, aminin Baba tun suna samari.

Gaskiya akwatin coci bai taɓa ɓatar da takardar kowa ba. Fasto da kansa yake hawa keke ya ɗauko. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda yake rabawa: ranar Lahadi bayan sanarwa, sai ya ɗaga ambulan sama ya kira suna, ka taso ka ratsa jama'a ka karɓa. Haka aka yi mini bara. Ko ƙofa ban kai ba matan zumuntar coci suka kewaye ni, wai in buɗe a taya ni murna. Na buɗe, ashe ba a ɗauke ni ba. Har aka yi girbi, duk tsohuwar da ta gamu da ni a bakin rijiya sai ta karya wuya ta yi mini sannu kamar an yi mini rasuwa. Na tsani sannun nan.

Don haka na ce akwatin Alhaji zan sa. Motarsa tana zuwa kowace ranar kasuwa, direba zai miƙo mini a ɓoye, in faɗuwa ce in faɗi ni kaɗai. Inna ta ce in sake tunani, Fasto shi ya yi mini baftisma, ya san ni ciki da waje. Na ce ai sanin ne ya ishe ni. Bakina a lokacin, Allah dai ya yafe mini.

Baba ya je Funtua ya nemi izini, ya dawo da lambar akwatin a rubuce a bayan kwalin ashana. Ya ce Alhaji ya ce ko wasiƙa ɗari ce a aiko. Na kwafe lambar, na duba ta ya fi sau biyar.

Daga nan jira ya fara. Ranar kasuwa tun da hantsi kunnena yana hanya. Baba ne mai zuwa wurin direba, ni ina gida ina tankaɗe, garin yana zuba a ƙasa ban sani ba. Da na hango shi hannunsa nake kallo, ba fuskarsa ba. Kullum amsa ɗaya: babu takardar yarinyar. Abinci ya daina shiga. Na fara zargin kaina ko bakwai na rubuta a wurin ɗaya, na zargi direba, na zargi ruwan sama.

Wata Lahadi Fasto ya ɗaga ambulan ruwan ƙasa ya kira 'yar maƙwabtanmu, wadda muka zauna jarrabawa benci ɗaya. An kira ta ganawa. Ta ce kowa da ranarsa, wataƙila tawa tana hanya. Na yi mata murna da baki kawai. A raina na yanke cewa na sake faɗuwa, kuma tsoron in tabbatar ya sa na ƙara zama har kasuwa biyu. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Inna ce ta gaji da ganina ina ramewa, ta ce wa Baba ya kai ni Funtua a ji ta bakin mai akwati.

Alhaji ya karɓe mu hannu biyu a rumfarsa, cikin buhunan masara. Ya kira ni da sunan da ake kirana a gida, ya tambayi Inna. Ya ce wallahi kullum sai ya sa an duba, babu. Akawunsa, wani dattijo mai tabarau, shi ya ɗago kai ya ce akwai dai wasu da ba a san masu su ba, suna ajiye a gwangwanin biskit. Ya juya wurin Baba.

"Malam, wane suna ne a jikin takardar?"

Baba ya sunkuyar da kai.

A nan na gane. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini a baftisma. Kunya biyu ke nan. Tunda aka haife ni Baba bai taɓa faɗin sunan nan ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Da ya zo neman izini, takardar yarinyar gidana ya ce, Alhaji kuma ya ce ai ya san ni. Sunan gida ya sani. A makaranta kuwa sunan baftisma nake amfani da shi, haɗe da na kawuna da ya riƙe ni a Malumfashi ya sa ni aji ɗaya. Ko ɗaya Alhaji bai taɓa ji ba. Ni ma, mai bokon, ban taɓa tambayar Baba abin da ya faɗa ba.

Na faɗi sunan da kaina. Akawu bai ko daɗe yana nema ba. Ambulan ta yi laushi don daɗewa, tana ƙanshin biskit. Na yage bakinta. An kira ni. Ranar ganawar shekaranjiya ce.

Na so in yi faɗa, na rasa da wa. Alhaji sai salati yake yi, yana cewa amana ce ya riƙe, bai san tawa ba ce. Na miƙe na ce mu tafi kada mota ta bar mu. Baba bai motsa ba. Ya tambayi akawu ko baɗi ma ana sake nema, akawu ya ce ana yi.

"To ɗauko biro," in ji Baba. "Rubuta, ka manna a jikin gwangwanin."

Ya gyara murya ya faɗi sunana. Bai fito sosai ba, akawu ya ce bai ji ba. Baba ya sake faɗa da ƙarfi, har masu ɗaukar buhu suka waiwayo. Shekarata goma sha tara, ranar na fara jin sa a bakinsa, kuma bai iya kallona ba har muka isa tasha.