Tsufan Wandon Auta

Bayan an share makokin autanmu, baƙi sun watse, Baba ya ce tunda magadan duka mu ne, a fitar da kayan sawarsa a yi masa sadaka da su. Ni da Umma muka shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Sabon Gari, muka zazzage akwatinsa. Shaddoji muka ware wa ladanin unguwa, huluna da takalma wa 'yan uwanmu na Lajawa. A ƙarshe wando ɗaya ya rage a kan tabarmar, shuɗin jins mai yagaggun gwiwoyi. Umma ta ɗaga shi, ta juya shi gaba da baya, ta ce in miƙo mata zare da allura.

"Ba a sadaka da tsumma," in ji ta. "Sai na ɗinke shi tukuna."

Ban tashi ba. Ni ce yayarsa, kuma a gabana aka yi wa wandon nan kowane rauni da ke jikinsa.

Sabo fil ya sayo shi daga Kano, a cikin ledarsa, shekarar da ya shiga jami'a. Washegari da hantsi na fito na tarar da shi a bakin rijiya ya sa wandon, yana zana wa gwiwoyinsa layi da alli. Sai ya cire, ya cusa guntun katako a cikin ƙafar wandon don kada reza ta ratsa ta yanka baya, ya tsattsaga inda ya zana. Daga nan ya ɗauki allura yana zare shuɗin zaren ɗaya bayan ɗaya, yana barin fararen a kwance. Yaron da ko cokalin da ya ci abinci ba ya iya wankewa, ga shi ya duƙufa har da cije leɓe. Haushi ya kama ni, na ce da rabin wannan natsuwar yake ba littafi da tuni mun huta.

Da ya gama da reza sai ya koma gurza. Cinyoyi ya goge da dutsen goge kaushin Umma har shuɗin ya koɗe, bakin aljihu kuma ya bi shi da magogin kuɓewarta. A haka ta fito ta same shi.

"Kai Auta, dutsena ne a hannunka?"

"Aro na yi, Umma. So nake ya tsufa."

"Wa zai tsufa?"

"Wandon. Kirezi ake ce masa, shi ake yayi yanzu."

Na ce wallahi wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba, don a Turance mahaukaci yake nufi. Ya harare ni yana dariya. Umma kuwa ba ta yi dariya ba.

"Mutane na sayen gwanjo su sha wahalar guga don ya yi kama da sabo, kai ka sayi sabo kana mai da shi gwanjo. Ka riƙa sa shi kawai, zai tsufa a jikinka. Gaggawar me kake yi?"

"Haba Umma, yaushe zan zauna jira?"

Na san abin da yake ci mata rai. A ƙauye ta tashi, inda yaga a jikin tufar yaro ke nufin asirin gidan ya fara tonuwa, kuma uwa ake kallo. Duk tasowarmu ba ta taɓa barin ɗayanmu ya fita da ko maɓalli a cire ba. Ta yi rantsuwa ba zai ratsa unguwa da gwiwa a waje ba, a ce ta kasa suturta ɗanta. Shi kuma ya samo dabara, sai ya ɗora jallabiya a kai, in ya sha kwana ya tuɓe ya cusa a jaka. Ta sani sarai, ta kau da kai, don auta ne.

Bai sa wandon sosai ba. Da damina ta kankama zazzaɓi ya kwantar da shi, muka ɗauka irin wanda aka saba ne. Kafin mu farga Allah ya karɓi abinsa. Duk zaman makokin ban ga hawayen Umma ba. Ita ce ma take ba masu kuka haƙuri, har abin ya riƙa ba ni tsoro.

To yanzu ga mu a kan tabarma, tana jiran allura.

"Umma, ba tsumma ba ne," na ce. "Aikin hannunsa ne. In kika ɗinke, kin shafe shi."

"Wanda za a ba fa? Ya buɗe ya ga huji, ya ce abin zubarwa muka ba shi. Wane lada ke nan zai isa ga ɗana?"

Gaskiyarta ce, amma zuciyata ta ƙi yarda, kuma na ji haushinta a ranar, na ji haushin kaina da nake jin haushin uwar da ta rasa ɗa. Ta tashi da kanta ta ɗauko gwangwanin ɗinkinta, ta laso bakin zare ta zura. Ta sa hannu a cikin ƙafar wandon don ta miƙar da wurin, sai yatsunta suka ɓullo ta tsakanin fararen zaren nan da ya bari.

Ta shafa cinyar da ya koɗar da dutsenta, ta shafa bakin aljihun da ya gurza daidai inda waya ke cinye yadi in an daɗe ana sawa. Duk sauran kayan da muka ware da sauran ƙarfinsu, wata shaddar ma ko wankin farko ba a yi mata ba.

"Dubi nan," ta ce a hankali. "Kamar ya yi shekara da shekaru a jikinsa."

Na ce haka yake so a gani.

"Ni kuwa na ce masa ya jira."

A nan muryarta ta karye. Kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza ya zo mata gaba ɗaya, ta kifa fuska a kan wandon, allurar na reto a jikin zare. Ban ba ta haƙuri ba, na matsa na jingina da ita muka yi tare.

Da ta lafa sai ta zare zaren, ta mai da allurar cikin gwangwani. Ta ce in gaya wa Baba ya sayo wani wandon lafiyayye a ba da a madadinsa. Wannan kuwa ta ninke shi da kyau, gwiwoyin a ciki, ta ɗora a cinyarta.

"Ku bar min wannan," ta ce. "Shi kaɗai ne abin Auta da na ga tsufansa."