Ƙafar Habu a Kan Kwali

Har yau ban manta da safiyar da aka tashi cire Habu Gagarawa daga tawagarmu ba. Lokacin ni ke horar da 'yan gudun dogon zango na yankin Gumel, saura wata guda mu tafi gasar jiha. Ƙa'idarmu, kowace Asabar a gwada su da agogo, wanda ya zo ƙarshe sau uku a jere a sallame shi. Habu, manomin da a da ba mai kamo shi, ranar ya cika na uku.

Shugaban sashen wasanni ya ce, "Malam Sule, mutuminka ya ƙare. Ko tuwo ne ya yi masa yawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar."

Na yi aiki a Damagaram, na yi kwas a Sudan. A can mai horarwa yakan duba ƙafar kowa kafin atisaye, mu nan agogo kaɗai muke kallo. Da Habu ya zauna alwala, sai na tsuguna kusa da shi. Farcen babban yatsa ya yi baƙi, tsakanin yatsu cin ruwa, dunduniya duk faso.

"Habu, me ya hana ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, a gaban jama'a Oga ya ba ni takalmin nan. Sai in ce ya matse ni?"

Shugaban sashen yake nufi. Wanda ya tashi da takalmin taya a gona, tafin ƙafarsa faɗi gare shi, ofis kuwa lamba kawai ya tambaya. Ga shi yana idar da alwala sai ya cusa ƙafa a jiƙe cikin kambas.

Na sa ya taka kwali, na zana ƙafarsa da biro. A gaban shugaba na ɗora takalmin a kan zanen, zanen ya leƙo ta gefe biyu. Shugaba ya ce, "Na ba ka mako biyu."

Ranar kasuwar Maigatari na bi 'yan gwanjo da kwalina har na sami takalmi daidai ƙafarsa. Kwana goma ba gudu, sai ruwan ɗumi da gishiri, man kaɗanya a dunduniya, maganin shafawa daga asibiti, da tsane yatsu bayan kowace alwala.

A gasar, Habu ne ya zo na ɗaya. Shugaba ya rungume shi yana ihu, "Takalmina ne ya yi aiki!"

Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, naka yana gida, na adana shi."

Ku da kuka gaje mu, ku sani mutanenmu ba sa kai ƙarar ciwo, balle in kyautar babba ce ta jawo shi. Kafin ku ɗaga agogo, ku ce kowa ya tuɓe takalmi.