Ƙaryar da Na Yi a Mina Ta Fi Yaya Sale Daɗewa a Duniya

Ni ne na yi kuskure, Yaya Sale ne mai gaskiya. Bana shekara shida ke nan da aka yi masa sallah a Harami, ya tafi ban faɗa masa haka ba.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. A Misfala, wata unguwa a Makka, aka haife mu, inda kakanmu ya sauka da ya zo hajji daga ƙasar Kano, bai sake komawa ba. Karatuna bai yi nisa ba. Sana'armu ɗaya ni da Yaya, mu ɗauki alhazai da masu umara a mota mu kai su ziyara Arfa da Muzdalifa da Mina, muna ba su tarihi da Hausa. Shi in bai san abu ba sai ya ce bai sani ba. Ni kuwa ba na son mota ta yi shiru.

Da na sayi babbar waya, kafin mu tashi sai in rubuta kalma a wajen bincike, in haddace abin da ya fara fitowa. A tunanina abin da ya zo a sama shi ne wanda aka tantance. Wata rana na rubuta "Yahudawa". Duk abin da ya fito da Hausa zargi ne, babu sunan marubuci, babu hujja. Na kwashe shi tas.

Ranar na kai ziyara Mina, ba lokacin hajji ba ne, tantunan duk babu kowa. Na tsaya a bakin ƙofar mota na ce wa alhazai wai Yahudawa ne ke haɗa magungunan asibiti, suna zuba abin da zai kashe Musulmi a hankali. Na ƙara da nawa gishirin, na ce mu 'yan Makka mun daɗe da sanin wannan. Wani alhaji ya ɗauke ni hoton bidiyo a waya. Da ya koma gida ya sa hoton a intanet, ya yi masa take, "Sirrin Yahudawa daga bakin ɗan Makka".

Mai karatu ya san mutanenmu na gida. Abin da ya fito daga Makka ba a musa shi. Yadda ake raba dabino da zamzam, haka ake raba maganar da alhaji ya jiyo, ita ma tsaraba ce. Na san haka sarai lokacin da na buɗe baki.

Yaya Sale ya same ni a majalisarmu bayan la'asar, ana shan shayi. Bai ɗaga murya ba.

"Idi, wa ya gaya maka?"

Na ce a waya na gani.

"Ita wayar wa ya gaya mata? Ka taɓa ganin Bayahude da idonka?"

Ban taɓa gani ba. A garin nan aka haife ni, inda wanda ba Musulmi ba ba ya shigowa. Amma maimakon in amsa, sai na kawo masa zancen Falasɗinu. Ya ce shi ma abin yana ci masa rai, wanda ya yi zalunci a faɗi sunansa da abin da ya yi. Amma ka yi wa al'umma guda ƙazafi, da jariransu da tsofaffinsu, wannan haƙƙi ne, kuma ɗawafi ba ya wanke haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

"To a ina za ka same su ka roƙe su?" in ji shi.

Na ga idon jama'a a kaina, sai na yi dariya na ce, "Ku ji lauyan Yahudawa." Aka kwashe da dariya. Sunan ya bi shi daga Misfala har unguwar Shisha. Wasu masu kawo alhazai suka daina neman motarsa.

Bai rama ba. Sai ya zauna da 'yarsa Safiya, wadda ta fi mu sanin waya. Ita ta fahimtar da shi cewa rubutun Hausa kaɗan ne a intanet, don haka duk abin da aka fi dannawa shi ke hawa sama, gaskiya ne ko ƙarya. Suka kai ƙarar hotona ga masu shafin, ba a cire ba, ƙila babu mai jin Hausa a cikinsu. Daga nan ya riƙa faɗa tana rubutawa, gajerun bayanai a kan haramcin ƙazafi da amfanin shan magani, suna sa musu irin taken nawa don mai nemana ya ci karo da su. Nasa kullum yana can ƙasa. Haka ya yi ta yi har ciwon zuciya ya ɗauke shi. A wajen gaisuwa na ji wani yana tambaya ko wanda ake ce wa lauya ne ya rasu. Na sunkuyar da kai.

Hajjin da ya wuce ina aiki a Mina, sai wani dattijo mai ciwon suga ya yanke jiki ya faɗi a bakin tanti. Da ya farfaɗo aka tarar da maganinsa a jaka, bai taɓa shi ba tun da ya baro gida. Na tambaye shi dalili.

"Ɗana, ai wani ɗan Makka ne ya tona asirin maganin nan," in ji shi. "A nan Mina ya faɗa. Mutum zai tsaya a wuri irin wannan ya yi ƙarya?"

Ya ciro waya ya nuna mini kaina. Gemuna ya yi furfura, bai gane ni ba. Na lallashe shi ya sha maganin, amma na kasa ce masa ni ne. Tun daga ranar nake tunanin mutum nawa ne irinsa a ƙauyukan da ban sani ba, waɗanda babu kowa kusa da su lokacin da suka faɗi. Ina kuma tunanin yaran da suka koyi ƙin mutanen da ba su taɓa gani ba daga bakina.

Da Yaya yana raye ban san yadda zai yi da wayoyin yanzu ba. A da ko ba komai za ka ga inda magana ta fito. Yanzu kana tambaya sai wayar ta haɗa maka amsa da kanta, cikin ladabi kamar malami. Safiya ta ce daga abin da mutane suka zuba a intanet take koyo. Ke nan muryata tana cikin abin da za ta koya. An kwafi hoton nan wurare da yawa, ba ni da ikon goge ko ɗaya. Wa za a tsayar a ce masa, wa ya gaya maka?

Kabarinsa ba zan iya nuna shi ba, domin a nan ba a rubuta suna. Abin da ya rage mini daga gare shi tambayar nan ce, da 'yan bayanansa da har yanzu suke ƙasan nawa. Sai na je gidansa na sami Safiya, na ce ta ɗauke ni wani hoton in ƙaryata na farko.

"Baffa, in ka yi wannan kai ma za su sa maka suna," ta ce.

Na ce na sani. Ta ce kuma ba lallai ba ne ya hau saman na farko. Na ce wannan ma na sani.

Muka je Mina, tantuna babu kowa kamar wancan karon. Na tsaya a inda na tsaya a da. Ta sa wa sabon hoton taken na farko, ba ta canza ko harafi ba, ta ɗaga waya. Na ce:

"Ni ne Idi, ɗan Makkan da kuka gani. Abin da na faɗa a kan Yahudawa da magani ƙarya ne, a waya na tsinta, na ƙara nawa. Mara lafiya ya sha maganinsa. Yahudawan da na yi wa ƙazafi, ban san ku ba, ban san ko maganata za ta kai gare ku ba, amma na ɗauki haƙƙinku, ku yafe mini. Yayana Sale, na sa maka suna a gaban mutane don ka faɗa mini gaskiya. A gaban mutane nake roƙonka. Ka yafe mini, Yaya."